Kyanwoyina biyu sun mayar mini da ɗaki filin sukuwa: in sake su ko in ci gaba da tsare su?

Maman_Sadiq_Arkilla:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin halin kyanwa, ko mussa kamar yadda iyayenmu suke kiranta a nan Sakkwato. Wata shida ke nan da ƙanwar maigidana ta kawo mini 'yan kyanwa biyu daga Wurno, mace da namiji, saboda ɓeraye sun dame mu a ɗakin ajiya. Gidan haya muke zaune, a hawa na sama, babu tsakar gida, ƙofarmu kuma tana kallon titi, shi ya sa tun zuwansu ban taɓa barinsu sun fita ba. Ɓerayen dai sun ɓace, amma waɗanda suka gaje su sun fi su ɓarna. Sun tsinka mini wayar caja uku, sun yayyaga labulen falo tun daga sama har ƙasa, sun fasa filas ɗin shayi, hannun kujera kuwa ya koma kamar an kankare shi da wuƙa.

Abin da ya sa na kasa haƙuri ya faru ne ranar Juma'a, gab da kiran assalatu. Na ji motsi a kan madubi, na haska fitilar waya, sai ga namijin zaune kusa da kwalbar humrar da aka ba ni tun lokacin biki. Ya dube ni, na dube shi, na kira sunansa, sai ya ɗaga hannu ɗaya ya tura kwalbar kaɗan, ya dakata, ya sake turawa, har ta faɗo ta tarwatse a kan tayil. Maigida ya ce ɗayan biyu za a yi, ko a buɗe musu ƙofa su riƙa yawo kamar kowace kyanwa, ko a mayar da su Wurno. Wata maƙwabciyata kuma ta ce tsarewar ma zunubi ce. Shin tsarewar ce take haukata su, ko kuwa halinsu ne haka?

Dan_Mabera:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Maigidanki ya fi ki gaskiya. Tun tasowarmu a gidanmu ba a taɓa rasa kyanwa ba, kuma ba mu taɓa jin ta fasa wani abu ba, domin da rana tana kwance a gindin randa, da dare kuma tana bisa katanga tana farautarta. Dabbar da Allah ya halitta don yawo, idan aka kulle ta a ɗaki biyu da falo, dole ƙarfin nan ya fita ta wata hanya, kuma a kan kayanki zai fita. Ki buɗe musu ƙofa.

Inna_RunjinSambo:
Ɗana na Mabera, kyanwar gidanku tana da tsakar gida da katanga, ita kuwa wannan baiwar Allah ta ce ƙofarta titi take kallo. Na yi abin da kake faɗa shekara uku da suka wuce, na saki tawa saboda ƙiriniya, mako biyu ba su cika ba yara suka zo suka ce mini mai babur ya take ta a bakin kwalta. Wadda na samu bayanta kuwa ɓeran da ya ci guba ta kama a gidan maƙwabta, ta dawo tana ta amai, kafin gari ya waye ta mutu. Ni yanzu gara labule ya yage da in sake ganin irin wannan.

Malam_na_Gwiwa:
Game da maganar maƙwabciyarki, ya kamata a kawo hadisin cikakke, kada a yanke shi a tsakiya. Abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito shi ne, wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Laifin yana cikin tsarewa tare da hana ci da sha, kuma daga wannan hadisin ne malamai suka fahimci halaccin ajiye kyanwa matuƙar ana ba ta haƙƙinta. Saboda haka idan kina ciyar da su, kina shayar da su, ba ki shiga ƙarƙashin wannan gargaɗin ba, in sha Allahu.

Ina ƙara da cewa kyanwa ba najasa ba ce. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, sannan ya faɗi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu. Na kawo wannan ne domin na san tambayar da za ta biyo baya ke nan, tunda duk mai kyanwa ya taɓa tarar da ita ta sa baki a ruwan da ya ajiye.

Dan_Mabera:
Allah ya saka da alheri, Malam, na karɓi gyara ta fuskar hukunci. Amma halacci daban, jin daɗin dabbar daban, kuma a kan na biyun nake magana.

Dalibar_Likitan_Dabbobi:
Anti Maman Sadiq, ina karatu a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma abin da kika bayyana ba hauka ba ne, lafiya ce. Kyanwa tana yin barcin awa 12 zuwa 16 a yini, ƙarfinta kuma yana tashi ne a lokuta biyu, da magariba da kuma gab da ketowar alfijir, domin a lokutan ne abin farautarta yake fitowa. Shi ya sa ɓarnar humra ta zo daidai da assalatu. Naki kuma suna tsakanin wata bakwai zuwa takwas, wato suna kan ganiyar ƙuruciya, kuma yawancinsu sukan fara natsuwa bayan sun haura shekara ɗaya zuwa biyu.

Yaya na Mabera yana da gaskiya a wuri ɗaya, ƙarfin dole ya fita. Inda na saɓa masa shi ne cewa sai a titi zai fita. Tsarin rayuwar kyanwa a jere yake: ta yi sanɗa, ta kama, ta ci, ta lashe jikinta, ta kwanta. Idan aka zuba mata abinci a kwano ba ta yi sanɗa ba, ba ta yi tsalle ba, to kwalba da caja da ƙafar maigida su ne za su zama ɓeranta. Ki samu kara ko siririyar sanda, ki ɗaura tsumma ko gashin kaza a bakin igiya, ki riƙa ja musu a ƙasa kina ɓoyewa a bayan kujera kamar yadda ɓera yake yi, na minti 10 zuwa 15 bayan isha'i, har sai kin ga sun kwanta da kansu. Sai a lokacin za ki ba su abincin dare, ba kafin wasan ba. Idan an gama ki ɗauke igiyar ki adana.

Tura kwalba kuwa, da farko gwaji ne, yana son ya ga ko abin zai motsa. Amma ranar da ya tura kika tashi kika haska fitila kika kira sunansa, ya koyi cewa wannan ita ce hanyar tayar da ke daga barci.

Maman_Sadiq_Arkilla:
Ikon Allah. Ƙanwata, wato ni ce na koya masa da kaina? Gaskiya duk sanda na ji ƙarar wani abu da asuba nakan tashi in zuba musu abinci don su bar ni in ƙara runtsawa.

Dalibar_Likitan_Dabbobi:
To kin ga, Anti, kina biyansa lada a kan kowace ɓarna. Idan kika daina, kwanakin farko abin zai ƙaru kafin ya ragu, sai kin daure.

Tela_KofarRini:
Ina so in ja hankali a kan igiyar da ɗalibarmu ta ce a adana, domin ni na ga abin da ke faruwa idan ba a adana ba. A cikin gida nake ɗinki, kuma ina da wani muzuru ja da ba ya barin ƙwaryar zare ta zauna lafiya. Ana saura kwana huɗu ƙaramar salla, aiki ya yi mini yawa, na bar zaren surfani a kan keke na fita sallar tarawihi. Da na dawo na tarar ya kewaye ƙafafun keken da kujera da zaren kamar saƙar gizo, ya kuma kwanta a kan shaddar wani bawan Allah da na riga na yanka, ya bar mata sawun ƙafa na man keke guda biyar a daidai gaban riga. Wannan duk mai sauƙi ne, na sayi wani yadin na biya. Washegari sai na ga ya ƙi cin abinci, yana ta yunƙurin amai, da na buɗe bakinsa sai ga zare ya naɗe a ƙarƙashin harshensa, sauran ya wuce ciki. Na kai hannu zan ja, Allah ya sa ƙanena yana wurin ya hana ni. Likitan da muka kai wa ya ce da na ja, zaren zai iya yanka hanjinsa, kuma sai da aka yi masa aiki aka fitar. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon ciki, abin da ya kama zare ba ta iya tofar da shi, sai dai ta ci gaba da haɗiya. Tun daga ranar zare da allura a cikin gwangwani mai murfi suke kwana.

MaiTantabaru_Minanata:
Ni kuwa ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, domin masu cewa a saki kyanwa ba su taɓa tambayar mu maƙwabta ba. Ina kiwon tantabaru sama da shekara goma, kuma a damina ɗaya muzurun wani gida ya cinye mini 'yan shila tara, yana shigowa ta kan katanga bayan an yi shirin kwanciya. Na yi magana sau biyu, aka ce mini dabba ce ba ta da hankali. Har yau gaisuwarmu da mai gidan ba ta koma yadda take ba. Hajiya, idan kika tsare naki kin huta da rigimar unguwa, kuma wallahi akwai waɗanda ba za su yi magana sau biyu kamar ni ba, guba za su ajiye.

Dan_Mabera:
Malam mai tantabaru, Allah ya mayar da alheri, amma ai ɗakin tantabaru ake gyarawa a sa masa raga, ba dukan kyanwoyin gari za a ɗaure ba. Idan kowa ya kulle tasa, wa zai kama ɓerayen lungu da na kwata?

Hajiya_GawonNama:
Ni tambayata daban ce. Wace kala ce kyanwoyin? Kakata ba ta yarda a ajiye baƙar kyanwa a ɗaki, takan ce ba kowace kyanwa ce kyanwa ba, kuma wadda za ta dubi mutum ido cikin ido ta yi ɓarna da gangan abin a duba ne.

Malam_na_Gwiwa:
Hajiya, Allah ya jiƙan kaka, amma kada mu buɗe wannan ƙofar, domin ta nan ne yara suke samun hujjar jifan dabbar da ba ta yi musu komai ba. Wanda ya ji tsoro ya yi addu'o'insa na safe da yamma, ya rufe ƙofa da bismilla, ya rufe kwanukansa kamar yadda aka umarce mu. Rufe kwanon ma kaɗai zai rage rabin ƙarar da ake kawowa a kan kyanwa.

Maman_Sadiq_Arkilla:
Macen fara ce mai dabbare-dabbaren toka, namijin kuma ja ne, Hajiya, babu baƙi a cikinsu.

Bakanike_Kwannawa:
Tunda an zo maganar rufe kwano, bari in ba ku nawa. Matata ta soya kifin da na sayo a Kwalkwalawa saboda baƙi, ta zuba a kula ta rufe, ta ɗora turmin ƙarfe ƙarami a kan murfin, domin ta san halin tamu. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai tana can ƙarƙashin kujera ta lumshe ido kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Muna raka wani baƙo ƙofar gida muka ji ƙara. Ba ta iya ɗaga murfin ba, sai ta tura kular gaba ɗaya daga kan tebur, turmin ya fasa tayil, kifin ya watse, ta ɗauki mafi girma ta haye saman kabad inda hannu ba ya kaiwa, tana ci tana kallonmu. Baƙi dai da miyar kuka suka ci tuwo ranar.

Abin da ya kawo mana sauƙi shi ne katako. Na kafa allo uku a bangon baranda kamar matakala, na ƙarshen kusa da taga mai raga, na kuma naɗe wani guntun turmi da igiyar rama na kafa shi a tsaye. Yanzu rabin yininta a can sama take, tana kallon tsuntsaye da masu wucewa, kujerun falo kuma sun samu lafiya.

Dalibar_Likitan_Dabbobi:
Kawu na Kwannawa ya yi daidai, kuma dalilin shi ne kyanwa ba da faɗin ƙasa kaɗai take auna gida ba, har da tsawo. Karce kuwa ba za a iya hana shi ba, domin da shi take cire tsohon ɓawon farce, take miƙa jiki, kuma tana da wasu ƙananan mazubin ƙamshi a tafin ƙafa da take barin alamarta da su. Abin yi shi ne a ajiye mata abin karcewa a daidai gefen kujerar da ta saba, ya kasance ba ya girgiza, kuma ya kai tsawon da za ta miƙe sosai. Ana iya rage tsinin farcen da abin yanke farce, a tsaya kafin jan wurin da jini yake. Cire farcen gaba ɗaya kuwa yanke gaɓar ƙarshe ta yatsa ne, kada kowa ya yarda a yi masa.

Akwai abin da ya fi labule muhimmanci, Anti. Mace da namiji kike da su, kyanwa kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, kuma kasancewarsu 'yan uwa ɗaya ba ya hana su. Namijin ma ya kusa fara fesa fitsari a bango da labule, warin da ya fi ƙarfin turaren wuta. Ki kai su asibitin dabbobi a duba batun fiɗiya, a kuma yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake farawa tun suna wata uku. Sannan a kiyaye abu uku da ke kowane gida a garin nan. Paracetamol yana kashe kyanwa ko da ƙwaya ɗaya ce. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, ɗanye ko dafaffe, don haka ragowar miya ba abincinta ba ne. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi kuma a fitar da su daga ɗakin kafin a fesa, kada a dawo da su sai ƙasa ta bushe iska ta ratsa, domin duk abin da ya taɓa jikinsu sai sun lashe.

Inna_RunjinSambo:
'Yata, albasa kuma? Mu da muke zaune a ƙasar albasa, wace miya ce za a yi babu ita? Tawa shekara biyu tana cin tuwo da miya, ga nono ina zuba mata kullum, ban ga abin da ya same ta ba.

Dalibar_Likitan_Dabbobi:
Inna, illar tana bin yawan abin da ta ci, kuma a hankali take taruwa, shi ya sa ba a gani da wuri. Ki riƙa cire mata ɗan nama ko kifi kafin a haɗa miya. Kindirmo kaɗan ya fi madara sauƙi a cikinta, amma idan kin ga zawo to daga nan ne.

Dan_Mabera:
Yanzu fa kun ga inda maganar ta kai. Kyanwar da aka kawo don ta kama ɓera, ita ce za a kafa wa katako, a ware mata nama, a yi mata wasa bayan isha'i kamar jaririya, a kuma kai ta asibiti a fiɗiye. Ni batun fiɗiyar ma bai kwanta mini ba. Malam, me ka ce?

Malam_na_Gwiwa:
Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiye dabbar da ba a cin namanta. Akwai waɗanda suka hana, akwai waɗanda suka yi rangwame idan don kauce wa cuta ne kuma ba a azabtar da ita ba. Mai tambaya ta samu malamin da ta amince da shi ta bayyana masa halin da take ciki, har da cewa 'ya'yan da za a haifa ba ta da inda za ta kai su. Abin da na tabbata ba shi da kyau shi ne abin da muke gani kullum, a zuba jariran kyanwa a kwali a kai bola a bar su cikin rana.

Hajiya_GawonNama:
Rana kuwa ta tuna mini, Maman Sadiq, hawa na sama kike, kuma bazara tana tafe. Kin san zafin Afrilu a garin nan yakan haura digiri 40, ɗakin sama kuma idan aka ɗauke wuta tanda ne. Kyanwar tsakar gida takan nemi gindin randa ko ƙarƙashin darbejiya, taki fa ina za ta je? A bara na dawo daga unguwa na tarar da tawa a kwance a banɗaki, baki buɗe tana haki, tun daga nan nake barin ƙofar banɗakin a buɗe da kwanon ruwa biyu a wurare daban. A wannan kam ina ganin ɗan Mabera yana da abin faɗa.

Maman_Sadiq_Arkilla:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwana biyar ke nan ina gwada wasan karan bayan isha'i, Sadiq ne ma ya karɓe aikin, shi da su ban san wanda ya fi wani jin daɗi ba. Macen tana kwana har safe yanzu. Namijin kuwa, kamar yadda ƙanwata ta faɗa, abin nasa ƙaruwa ya yi, shekaranjiya da ya ga ban tashi ba sai ya haye kan gado ya zauna a ƙirjin maigida yana kuka. Na kwashe duk kwalabe na zuba a durowa, na kuma yi wa kafinta magana a kan allunan baranda, sai dai mai gidan hayar bai ba da izinin huda bango ba tukuna. Maigida ya ce ya ba su zuwa ƙarshen wata, kuma har yanzu yana ganin Wurno ta fi musu, ni ma maganar zafin nan ta tsaya mini a rai.

Bakanike_Kwannawa:
Hajiya, ba sai an huda bango ba. Ki sa kafintan ya haɗa shi kamar tsani mai faɗin gindi, a jingina shi a kusurwa, a ɗora buhun yashi a ƙasan don kada ya faɗi. Amma ki fara duba ragar tagar barandar, domin irin ta sauro ce tamu ta yaga da farce cikin dare ɗaya, sai da na sauya ta da ta ƙarfe.

MaiTantabaru_Minanata:
Idan an yanke shawarar mayar da su Wurno, don Allah a fara tambaya ko gidan da za a kai su akwai masu kiwon kaji a kusa.